Daren da Aka Ce An Yi Kyauta da Goshi

Inno ba ta fara tatsuniya sai wuta ta daina hayaƙi. Takan ce labarin da aka fara cikin hayaƙi da tari yake ƙarewa. Saboda haka in lokacin ɗari ya shigo, da an idar da sallar isha'i, mu yaran gida mukan yi rige-rigen kai kara da itace ɗakinta, mu hura, mu zauna muna jiran harshen wuta ya kwanta ya koma garwashi. Ita kuwa tana gefe a kan buzunta, ta miƙe ƙafafu, tana ɓarar gujiya tana jefawa a kasko. Wanda ya fi kowa natsuwa shi ke samun ta fari da ta gasu. Ni ban taɓa samu ba.

Inno kakata ce ta wajen uwa. Asalinta 'yar Fakku ce, can ƙasar Kebbe, aure ya kawo ta wani ɗan ƙauye kusa da Jabo, inda aka haife ni. Mutanen gidanmu manoma ne masu 'yan shanu a bayan gida, gero da dawa a rumbu, nono a ƙwarya. Uwata ta rasu ban kai ga riƙe kamanninta ba. Mahaifina malamin asibiti ne na En'e, wato hukumar gargajiya, yau a kai shi wannan gari gobe a ɗauke shi zuwa wancan, don haka aka bar ni hannun Inno da ɗanta, Kawu Ummaru. Tare da 'ya'yan Kawu na tashi, musamman Dije, wadda ta girme ni kaɗan kuma ba ta taɓa bari na manta da haka ba. Sunana Sahabi, amma Inno ba ta kirana da shi sai in na yi laifi. Kullum “angona” take ce mini, ni kuma in ce na fasa auren, tsohuwa ba ta da haƙoran cin naman biki.

Abu guda uwata ta bar mini a duniya. Ranar aurenta mahaifinta ya ba ta saniya, saniyar ta haifi maraƙa mace kafin wata cuta ta kashe ita saniyar. Wannan maraƙar ita ce Goshi. Ja ce, jawur, da wani farin tabo a tsakiyar goshi kamar an ɗiga mata kindirmo. Tare muka girma. Ni nake kai ta fadama, ni nake cire mata kaska, kuma in aka yi mini faɗa a gida, wurinta nake zuwa in jingina da cikinta mai ɗumi har fushina ya huce. Duk ƙauyen an san cewa shanun gidan na Kawu ne da Inno, amma Goshi ta maraya ce.

A shekarun farko na mulkin kai ne, lokacin Jihar Arewa, malamin gona ya shigo ƙauyenmu a kan kekensa ya ce za a yi nunin amfanin gona da dabbobi a Tambuwal, manya za su zo daga Sakkwato, kowa ya kawo abin da yake alfahari da shi. Kawu Ummaru ya ɗan taɓa elementare, yana karanta boko, kuma ya daɗe yana neman a ɗauke shi aiki wurin malaman dabbobi. Burinsa ke nan: kaki, keke, da albashi. Da ya ji wannan shela sai ya ce zai kai Goshi.

Inno ta ƙi. “Wanda ya baje dukiyarshi gaban hukuma,” in ji ta, “shi ya kira jangali da bakinshi.”

Kawu ya yi ta lallashi. Ya ce zamani ya canza, yanzu namu ke mulki, kallo kawai za a yi a yaba. Ni ma na sa baki, don ina son duniya ta ga Goshi. A ƙarshe Inno ta ce tunda mai ita ya yarda, ita mece ce tata. Na so in bi su, amma kututturen dawa ya sare ni a tafin ƙafa, an ɗaure mini da tsumma, ko bakin rijiya da ɗingishi nake zuwa. Ina tsaye a ƙofar gida Kawu ya ja Goshi suka tafi, ana gobe nunin. Ta waiwayo sau ɗaya, sa'an nan ta bi shi.

Ranar nunin, bayan magariba, muna shirin cin tuwo, sai muka ji sallamar Na'Allah mai jakai. Fataucin gishiri yake yi tsakanin Tambuwal da ƙauyukanmu, kuma labari yake ɗaukowa fiye da gishiri. Bai ko sauke kaya ba ya leƙo zaure ya ce a kira masa Inno.

“Inno, kin ji abin da anka yi da saniyar marayanki?”

“Mi anka yi da ita?”

“An yi kyauta da ita.”

Inno ta dafa bango. “Wa ya ce maka?”

“Ba wanda ya ce mani, idona ya gani, kunnena ya ji. Ina tsaye bayan taro sai mai lasifika ya ce, ‘Jar saniya mai farin goshi, kyauta!’ Sai ga dogari ya amshi igiya hannun Ummaru ya ja ta gaban rumfar manya. Wani babban baƙo da ya taho cikin mota ya taso shina shafa bayanta, ana ta tafi. Shi ko Ummaru sai washe baki shikai. Ni dai hanya na gabana, sai na koro jakaina.”

Ba wanda ya yi mamakin labarin, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro. Kowa ya san in babban mutum ya zo gari ana yi masa gaisuwa da rago ko sa. Kowa kuma ya san abin da Kawu yake nema. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron wuta ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, “Dama aiki ba ya samuwa hannu banza.” Inna Hassi, matar Kawu, ta buɗe baki za ta kare mijinta, sai ta fasa, ta koma madafi tana motsa tukunyar da babu komai a ciki.

Ni dai na tuna na zauna a gindin turken Goshi. Ramin da kofatonta ya yi yana nan, ga guntun harawar da ta bari. Ban yi kuka da ƙarfi ba. Dije ta kawo mini tuwo har wurin, ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, daga nan na san abin ya kai inda ya kai.

Na ɗauka ba za a yi tatsuniya ba a daren. Amma da aka yi isha'i sai na ji muryar Inno: “Ina masu wuta? Ko yau a cikin duhu za ni kwana?” Yaran suka hura wuta ba hayaniya. Ta aiko Dije ta taso ni. Da na ƙi, sai ta fito da kanta, ta kama hannuna. “Taso, angona. Turke ba ya ba da labari.”

Ta jira hayaƙi ya wuce kamar kullum. Sa'an nan ta ce, “Ga ta tafe, ku ba ta hanya.” Muka amsa, “Ta shigo, ga tabarma.” Haka take buɗe tata, ba ta bin yadda sauran tsofaffi ke yi.

Ta ce an yi wata tsohuwa makauniya mai 'ya'ya maza uku. Wata shekara abinci ya yi ƙaranci, samarin suka bazu neman abin da za su kawo gida. Da kaka ta yi sai ga su sun dawo rana ɗaya, kowa janye da rago. Suka shigo suna murna, kowa na cewa, “Inna, ga kyauta na samo.” Tsohuwa ta ce a kawo mata su ɗaya bayan ɗaya ta shafa.

Ta shafa na babban, ta ce ya faɗa mata yadda aka yi. Ya ce ya iske ana kokawa a wani gari, ya shiga, ya ka da duk wanda ya fito, sarkin garin ya ɗaura masa kambu ya ba shi rago a gaban jama'a. Tsohuwa ta ce, “Wanga kyautar cin gasa ta. Ƙarfinka ya jawo ta, amma da wani ya fi ka, shi za a ba, kuma ba a zalunce ka ba.”

Ta shafa na biyu. Shi kuma ya ce ya zauna wurin wani mai garke, ya yi masa kiwo tun daga shuka har girbi, ranar sallama mutumin ya kamo rago ya ba shi. Tsohuwa ta yi dariya. “Kai kuma ka daina ce mashi kyauta. Wanga lada na. Guminka na da ƙafafu fuɗu.”

Da aka zo kan na ƙaramin, ta ɗora hannu a wuyansa sai ta ji jikin ragon yana rawa. Ta laluba ta ji wani zare da 'yar laya a wuyan, irin wanda yara ke ɗaura wa dabbar da suke so. Ta ce, “Wa ya ba ka?” Ya ce wani mutumin kirki ne a hanya. Ta ce, “Da ya ba ka, mi ya ce?” Ya ce ya manta. Tsohuwa ta ce a ɗaure ragunan duka a bayan ɗaki.

A nan Inno ta tsaya ta juya gujiya a kasko. Ta san inda take tsayawa. Har ni da nake kwance na juya mata baya, sai da na ɗago kai.

Ta ce da dare ya yi, ragon babban ya kwanta yana tuƙa. Ragon na biyu ya ci dusarsa ya yi barci. Amma na ƙaramin ya ƙi ci, ya ƙi kwanciya, ya juya fuskarsa gabas yana kuka yana fizgar igiya. Da gari ya waye tsohuwa ta ce a kwance su duka uku a buɗe ƙofa. Biyu suka tsaya suna kiwo a tsakar gida. Na ukun ya fita a guje, samarin suka bi shi, ya ratsa gonaki, ya tsallake rafi, bai tsaya ba sai a wata bukka inda wata yarinya ke zaune idanunta sun kumbura. Ashe ƙaramin ya bi wasu mahaya ne da suka faɗa wa ƙauyen, aka kwashi dukiya, aka raba, aka ba shi rago a matsayin kasonsa.

Da suka koma gida tsohuwa ta ce wa ɗan nata, “Wanga sunanshi ganima. Wanda ya miƙa maka shi ya ce kyauta, kai ma ka ce kyauta, amma ragon bai ji haka ba. Abin da mai shi ya bayar da zuciya ɗaya, kwanciya shikai inda anka kai shi. Abin da anka ƙwace, ko wane suna anka sa mashi, ya san hanyar gida.”

Sa'an nan Inno ta rufe da cewa, “Ta tashi ta tafi, abin da ya saura wuta ta cinye.”

Dije ce ta fara magana. “Inno, to shi ƙaramin mi anka yi mashi?”

“Ya kwana da yunwa, 'yan'uwanshi sunka ɗebo mashi nasu. Kuma bai sake ba.”

Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Na ce, “Inno, in Kawu da zuciya ɗaya ya ba da ita fa? Ke nan kwanciya za ta yi can?”

Ta dube ni ta cikin hasken garwashi. “Zuciyar wa? Ummaru na iya ba da rigarshi da zuciya ɗaya, shina iya ba da nashi bijimin. Amma Goshi, Ummaru ba shi da zuciyar da zai ba da ita, don zuciyar na nan kwance gabana ta ƙi cin tuwo.”

“To in sun sa ta mota?”

“In sun sa ta mota, ni da kai mu bi motar. Na taka daga Fakku zuwa nan ina amarya, Sakkwato ba ta fi ƙarfina ba. In je gaban ko wane ne in ce, ranka ya daɗe, an yi kuskuren suna, wagga ba kyauta ba ta. Amma angona, ka saurara. Kalma guda Na'Allah ya kawo muna. Kalma guda kuwa kamar ƙafa guda ta, ba a sanin ko ta wa ce sai an ga sauran jiki. Ka bari mu ji bakin kawunka.”

Ta miƙo mini gujiya mai zafi a tafin hannunta. Na ci. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni a kan buzunta ba.

Washegari tun da hantsi na ɗingisa zuwa gindin wata tsamiya da ke bakin hanyar Tambuwal, na zauna. Duk wanda ya ɓullo daga nesa sai gabana ya faɗi. Masu itace suka wuce, mata masu tallan nono suka wuce. Dije ta kawo mini fura ta zauna tare da ni, muna jifan ƙadangaru. Rana ta take, ta karkata. Har na fara tunanin yadda ni da Inno za mu kama hanyar Sakkwato da ƙafa mai ciwo.

Wajen la'asar sai na ji kukan saniya. Shanu duk kuka suke yi, amma wanda ya tashi da saniya ya san muryarta kamar yadda ya san tarin kakarsa. Na miƙe. Can a kan tudu sai ga wani jan abu yana tahowa, a bayansa mutum ɗauke da kaya a ka. Ita ce a gaba, tana jan Kawu da igiya, ba shi ke jan ta ba. Na manta da ƙafata. Dije ta ce tsumman ya warware ya faɗi a hanya, jini yana zuba, ni ban sani ba. Na dai san na rungume wuyanta, tana huci a kunnena, tana lasar gishirin hawayen da ke fuskata da harshenta mai kaushi. A lokacin ne kukan da ya ƙi fitowa jiya ya fito.

An ɗaura mata wani jan ƙyalle mai kamar fure a ƙaho. Kawu kuwa yana ɗauke da sabon bokiti, a ciki da dunƙulen gishirin lasa na dabbobi. Ya tsaya yana kallona cikin mamaki. “Kai, Sahabi, lafiya? Wa ya mutu?”

Kafin mu isa gida rabin ƙauyen ya fito. Inno tana tsaye a ƙofar zaure. Da ta hango farin goshin nan sai kawai ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya. Ta ce, “Alhamdu lillahi,” ta sake cewa, ta sake. Da Inna Hassi ta zo ɗaga ta, sai ta ce a bar ta tukuna. Ta jawo ni ta raɗa mini, “Tatsuniyar jiya, angona, kaina ni ba ta. Kai dai ka samu rabo.”

Aka faɗa wa Kawu abin da Na'Allah ya kawo. Ya sauke bokitin a hankali. “Kyauta ta fari mai lasifika ya ce. Ci ta yi. Ita ta fi duk shanun da anka kawo. Dogari ya ja ta gaban manya don a ɗaura mata wanga ƙyalle, sa'an nan ya maido mani igiyata. Dare ya yi muna, shi ya sa munka kwana.”

Mutane suka fashe da dariya, har da maƙwabciyarmu mai aron wuta, wadda ta fi kowa cewa ita dama ta san Ummaru ba zai yi haka ba. Amma Kawu bai yi dariya ba. Ya dubi matarsa, ya dube ni, sa'an nan ya dubi uwarsa da ke zaune a ƙasa.

“Inno, kin yarda da na ba da ita?”

“Na ji tsoro,” in ji ta. “Ban yarda ba. Tsoro daban, yarda daban.”

Sai ya gyaɗa kai, ya miƙo mini igiyar. “Amshi, mai ita. Ka kai ta turke, ta sha tafiya.”

Da yamma sai ga Na'Allah ya dawo, ba kunya ba tsoro, wai ya zo karɓar tukuici, tunda shi ya fara kawo albishir ɗin kyauta. Inno ta ce, “Ka ɗauko kalma ka bar rabinta a kasuwa, sa'an nan kana son goro?” Ya ce ai rabin da ya kawo ma da nauyi. Ta shiga ɗaki ta gutsuro ɗan gishirin Goshi ta danƙa masa. Mai fataucin gishiri ya tsaya riƙe da gishiri a hannu, yara suna ta kyakyata dariya. A daren nan na ci tuwo har sau biyu, kuma tun kafin wuta ta daina hayaƙi na yi barci.

Shekaru sun wuce, aka sa ni makaranta, har na kai makarantar horon malamai. Wata rana malaminmu na Turanci yana bayanin kalmar da Turawa ke kiran kyautar gasa da ita, firaiz. Ya ce mu lura, kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. Ana kiran abin da mutum ya ci a gasa da ita. Ana kiran abin da aka kama a yaƙi da ita, kamar jirgin abokan gaba. Kuma in mutum ya ɗauki abu da daraja ƙwarai, ba ya son rabuwa da shi, da ita dai ake faɗa. 'Yan ajinmu suna ta rubutawa, ni kuwa na saki alƙalami ina murmushi, har malam ya tambaye ni abin dariya. Na ce ba komai. Yaya zan gaya masa cewa wata tsohuwa 'yar Fakku, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta riga ta raba mini waɗannan da raguna? Abin da ya ba ni mamaki shi ne su ma can suna da irin rikicinmu: a ɗauki abin da aka ci da abin da aka ƙwace a sa musu riga ɗaya.

Na yi aikin koyarwa a Tambuwal da Sanyinna har na zama hedimasta. Duk ƙarshen shekara nakan tsaya gaban iyaye in miƙa wa yara littafi ko sabulu in ce kyauta. Wani lokaci nakan dubi yaron da ya zo na ɗaya ba tare da wahala ba, in dubi wanda ya yi ta fama ya zo na goma, in tambayi kaina wanne ne kyauta a nan, wanne ne lada. Ban taɓa samun amsar da ta gamsar da ni ba, amma tambayar ta sa nakan nemi wani abu in ba na goman shi ma.

Kawu Ummaru bai taɓa samun aikin nan ba. Ya ƙare rayuwarsa manomi, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Bayan rasuwar Inno da daɗewa, shi ma tsufa ya kama shi, idanunsa sun yi rauni, na je gaishe shi wata Juma'a. Muna zaune a zaure, hira ta kai mu kan Na'Allah, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na ce Allah ya jiƙansa, amma ya taɓa sa ni kwanan baƙin ciki a kan ƙarya.

Kawu ya murza carbinsa. Can ya ce, “Ba duka ta zan ƙarya ba.”

Na ce, “Kamar yaya, Kawu?”

“Bayan an watse, baƙon nan ya aiko a kira ni. Ya ce saniyar ta shiga ranshi. Ya ce ya ji ina neman aiki, in na bar mashi ita, in iske shi Sakkwato. Malamin gona na gefe shina ta taka mani ƙafa.”

“Sai ka ce me?”

“Na ce ranka ya daɗe, da tawa ta, da ka tafi da ita. Ta wani yaro ta, uwarshi ta bar mashi. Ya dube ni, ya ce to madalla, ya shiga motarshi. Ban yarda in kwana cikin gari da ita ba, sai na ja ta can bayan gari gidan wani abokina, na ɗaura igiyar a ƙafata har safe.”

Ina tuna yadda ya tsaya a ƙofar gida ranar nan yana tambayar uwarsa ko ta yarda, alhali shi kaɗai ya san abin da ya bari a Tambuwal. Wani abu da ban san ina ɗauke da shi ba tun ina yaro, ɗan guntun zargin da na kwana da shi a daren nan, na ji ya sauka daga ƙirjina gaba ɗaya.

Na ce, “Kawu, shekara da shekaru, don me ba ka taɓa faɗa ba? Ko Inno ba ka gaya wa ba?”

Ya yi 'yar dariya, irin ta tsofaffi, wadda ba ta da sauti sosai. “Kyauta in anka yi mata shela, ta koma neman lada. Yanzu ma don ka zagi mamaci na faɗi.” Ya laluba ya dafa gwiwata. “Tashi ka duba ko an kira la'asar. Ka kama mani hannu, hanyar masallacin ta yi ramu.”

Na kama hannunsa muka fita.